Saura wata biyu mu koma Ingila, motar gida ta shiga tsakanina da maigidana

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Gombe, 'ya'yanmu uku: babba shekara 9, mai bi masa 6, auta 2. Allah ya sa na samu aiki a wani asibiti a Birmingham, kuma biza ta fito har da maigidana da yara. Saura wata biyu mu tashi. Damuwata motarmu ce, Sienna ƙirar 2008 da muka saya shekara huɗu da suka wuce. Rabin kuɗinta nawa ne, na kwashi adashe na haɗa da kuɗin sarƙata da na sayar, amma takardu duk da sunansa aka yi. Ni ina so a sayar mu biya kuɗin jirginsa da na yara da na kama haya, domin tikitina kawai asibitin zai biya. Shi kuma ya ce zai bar wa ƙaninsa, malamin makaranta, ya ci gaba da kai Hajiya mahaifiyarsu asibiti yadda shi yake kai ta duk wata, saboda tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma mu tarar da abin hawa idan mun zo hutu. Har ya faɗa wa ƙanin ba tare da ya shawarce ni ba. Da na yi magana sai ya ce wato dama lissafin kuɗina nake yi. Yanzu tsakaninmu sai gaisuwa. Wani abokinsa da ke can kuma ya ce kada mu damu, muna sauka za a ba mu sabuwar jif mu riƙa biya wata-wata. Anti, ba na son in ɓata wa surukata rai, ba na kuma son mu sauka ƙasar mutane da bashi a wuya. Yaya zan yi? Wace irin mota ce za ta dace da mu a can?

Maman yara uku, Gombe

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya sa tafiyar nan alheri ce gare ku baki ɗaya, ya ba Hajiya lafiya.

Bari in fara sauke miki nauyi ɗaya. Ba ki yi laifi ba don kin tuna cewa akwai guminki a cikin motar nan. Adashen da kika zuba wata da watanni da sarƙar da kika rabu da ita dukiyarki ce, kuma addini ya bar wa mace dukiyarta, miji ba ya kyauta da ita sai da yardarta. Sunan da ke kan takardar mota hukuma yake yi wa amfani, bai goge kasonki ba. Kamata ya yi ya zaunar da ke kafin ya buɗe baki ga ƙaninsa, saboda haka kina da hujjar jin zafi.

To amma ina so ki ɗan ajiye zafin ki dubi mutumin nan da idon rahama. Namiji ne da zai ajiye aikinsa, ya bar majalisarsa da masallacin unguwarsu, ya tafi inda ba wanda ya san ko ɗan gidan wane ne, a kan bizar da sunanki ne a gaba. Kin fi ni sanin irin maganganun da ake yaɓa wa irinsa a garin nan, wasu a gabansa cikin raha, wasu a bayan idonsa. Ga kuma tsohuwa marar lafiya da zai bari, wadda shekara huɗu ke nan duk ranar asibiti shi ke tsayawa a ƙofar gida ya buɗe mata murfin mota. Makullin da yake son danƙa wa ƙaninsa shi ne hanyar da ya samu ta ce wa mahaifiyarsa bai watsar da ita ba, ya bar wakili. Lokacin da kika ce a sayar, ke kuɗin jirgi kike nufi. Shi kuwa abin da ya hango Hajiya ce a bayan ɗan acaɓa cikin rana tsaka, riƙe da katin asibiti. Shi ya sa ya mayar miki da magana mai ciwo. Bai kyauta ba, amma tsoro ne ya yi maganar, ba raini ba.

Don haka idan za ki sake tayar da zancen, kada ki fara daga kuɗi. Ki bari yara su yi barci, ki ce masa: "Abban yara, ni ma hankalina ba zai kwanta a can ba idan ban san yadda Hajiya za ta riƙa zuwa asibiti ba. Zo mu tsara nata tukuna, sauran ya biyo baya." Da zarar ya ji kina gefensa a kan mahaifiyarsa, zai iya sauraron lissafi.

Lissafin kuwa ga shi. Abin da Hajiya ke bukata shi ne a kai ta ganin likita a dawo da ita, a samu mai mota da za a tasa cikin dare idan suga ya faɗi ko jini ya hau, sai ɗan zuwa suna da gaisuwar rasuwa. Wannan ba ya bukatar mota mai kujera bakwai da babban inji. Sienna irin taku tankinta yana cin sama da lita 70. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 hawa irinta ya zama sai mai ƙarfi, kuma lokacin da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, cika tankinta sau ɗaya ya kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ba a yi maganar juyen baƙin mai ba, da tayoyi, da gyaran ƙafafu, da sabunta takardu duk shekara, da inshorar dole da ta koma naira 15,000 tun farkon 2023. Ki ɗora duk wannan a kan albashin malamin makaranta ki gani. Ƙanin mijinki yana murna yanzu, ba kuwa zan ga laifinsa ba, amma abin da ake shirin ba shi ɗawainiya ce.

Irin wannan mota da aka bar wa ɗan'uwa marar ƙarfi, sanannen abu ne inda take ƙarewa. Wani lokaci a jingine ta a tsakar gida a lulluɓe, batir ya mutu, rana ta tsattsage tayoyi, man da ke tanki ya lalace, ɓeraye su cinye wayoyi. Wani lokaci waya ce za ta riƙa zuwa Ingila: "Yaya, giyabos ya tafi," kuna fama da kuɗin haya a can kuna turo kuɗin gareji a nan. Mafi hatsari shi ne ranar da wani zai ce masa ai Sienna ba ta zama haka, ya ba direba ya shiga layin Abuja ko Kano yana kawo balas. Ba mugunta za ta sa ya yarda ba, matsi ne. Amma inshorar motar gida ba ta ɗaukar nauyin motar da aka sa haya, kuma idan tsautsayi ya afku, Allah ya kiyaye, wanda sunansa ke kan takarda za a nema. Daga nan sai ki ga wa da ƙani sun daina gaisawa a kan ƙarfe.

Akwai inda maigidanki yake da gaskiya, kuma ki faɗa masa kin gani. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 har dala ta wuce 1,500 a 2024, farashin motoci ya yi tashin da wanda ya sayar da tasa ya ajiye kuɗin a banki sai da ya yi da-na-sani. Da a ce za ku sayar ne ku bar kuɗin kwance, da na ce a dakata. Amma kuɗinku suna da aikin yi nan take: tikitin mutum huɗu, kuɗin ajiyar da mai gida zai karɓa, wanda dokar Ingila ta yarda ya kai na hayar mako biyar, ga hayar watan farko, ga kayan sanyi na yara. Idan ba a sayar da motar ba, bashi za ku ci ku yi waɗannan. Batun hutu kuma, iyali mai mutum biyar da wuya su zo gida fiye da sau ɗaya a shekara ko shekara biyu, su yi mako uku ko huɗu. Ɗaukar shatar mota na waɗannan kwanaki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ciyar da wadda ke jiran ku.

Shawarata ita ce a sayar, amma ƙanin nasa za a fara yi wa tayi, tunda an riga an sa masa rai. Ku kira dillalai biyu ko uku daban-daban su yi mata kuɗi don ku san darajarta ta gaskiya. Idan yana so kuma zai iya, a yi masa ragi na zumunci, ya ba da wani kaso mai kauri a hannu, sauran ya biya a hankali, a rubuta a sa shaidu. Kada kunya ta hana ku rubutun nan. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuma ware 'yan'uwa ba. Sannan a sauya takardu zuwa sunansa a ofishin lasin kafin ku tashi.

Idan ba zai iya ba, kuma ina zaton haka ne, a sayar a kasuwa, a fara ware kason Hajiya kafin a taɓa komai. Idan kuɗin sun ba da dama, a sayi ƙaramar mota marar shan mai, irin tsohuwar Corolla da kowane bakanike a Gombe ya san cikinta, a sa ta a hannun ƙanin da sunansa. Kin ga ya samu abin hawan da zai iya riƙewa, alkawarin yayansa bai faɗi ƙasa ba. Idan ba su kai ba, a nemi amintaccen mai Keke Napep na unguwa a yi yarjejeniya da shi, a riƙa tura masa kuɗinsa duk wata, a kuma roƙi wani maƙwabci ko ɗan'uwa mai mota ya zama shi ne na kiran dare. Idan zuciyarki ta ba ki, ki ce a cire wani abu daga naki kason a wannan hidimar. Ba dole ba ne a kanki, amma maganar da ta fito daga bakinki za ta wanke abin da ya faɗa na lissafi fiye da duk wata gardama. Sai dai shi zai je ya sami ƙaninsa da sabon tsarin, ko shi da wani kawunsu da suke jin maganarsa. Ke kada ki tsallake shi ki kai ƙara wurin Hajiya, kada kuma ƙanin ya ji daga bakinki.

Zai yiwu ya kafe a kan sai an bar ta. In haka ta faru, kada ki mayar da abin yaƙi ana saura kwanaki ku shiga jirgi. Ki nemi abu ɗaya kawai, a ba abin suna: aro ne ko kyauta? Idan kyauta ce, rabinsa yake da ikon bayarwa, naki sai ya biya ki, ko ya zama bashi a rubuce, ko ki yafe da ranki. Idan aro ne, a rubuta wa zai sayi mai, wa zai yi gyara, ba za ta shiga haya ba, kuma bayan shekara ɗaya a sake zama a duba. Rai a hannun Allah yake, kuma dukiyar da aka bari ba a fayyace ba ita ke haɗa marayu da baffanninsu faɗa ranar rabon gado. Ko wace hanya kuka bi, ku gama da ita da sauran mako uku ko huɗu. Dillali yana jin ƙamshin mai sauri, idan ya san jibi za ku tashi, yadda ya ga dama zai taya. Ku haɗa takardun kwastan da na mallaka wuri guda, kada kuma makulli ya bar hannunku sai kun ga kuɗi sun zauna a asusu, ba hoton shaidar turawa ba.

Wani zai ce ku sa ta a jirgin ruwa ku tafi da ita. Kada ku saurare shi. A Ingila ta hannun hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama, Sienna irin taku kuwa don kasuwar Amurka aka ƙera ta, ba a sayar da ita a can, kayan gyaranta ma sai an yi oda. Haka nan kada ku sayi mota a can da niyyar dawowa da ita gida wata rana, domin Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, kuma dokar hanya ba ta amince da mai sitiyari a dama ba.

Yanzu batun jif ɗin abokinsa. Abin da bai faɗa muku ba shi ne motar ba taku ba ce sai kun gama biya. A tsarin da ya fi yawa a can, za ku yi shekara uku ko huɗu kuna biya duk wata, an ƙayyade muku nisan da za ku yi a shekara, a ƙarshe kuma ko ku kawo wani dunƙulallen kuɗi ko ku mayar da mota. Baƙon da ba shi da tarihin karɓar bashi da biya a ƙasar, ruwan da ake ɗora masa ya fi na kowa, in ma an yarda an ba shi. Ga batun riba, wanda ya kamata ku tambayi malami a kai kafin ku sa hannu a kowace takarda. Ki tuna kuma zamanku duka a kan aikinki ya rataya. Idan wani abu ya taɓa aikin, bashin yana nan daram.

Ni dai da za ku ji tawa, watannin farko kada ku sayi komai. Birmingham gari ne mai motocin bas ko'ina. Ku nemi gida kusa da asibitinki ko kan layin bas da ke zuwa can, makarantar yara ta zama ta tafiyar ƙafa, ku ga yadda albashi yake ƙarewa bayan haya da wuta da gas da harajin gida na ƙaramar hukuma. A wannan lokacin abin da za ku sa a gaba lasin ne. Lasin Najeriya yana aiki wata 12 kacal daga ranar da kuka zama mazauna, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya wa lasinsu kai tsaye. Dole a nemi lasin koyo daga hukumar DVLA, a ci jarrabawar dokokin hanya, sannan a yi gwajin tuƙi, ba a kuma barin mutum ya zauna jarrabawar sai ya yi kwana 185 a ƙasar. Layin gwajin tuƙin yakan kai watanni, saboda haka wanda ya yi sake shekararsa za ta cika ba shi da izinin tuƙi shi kaɗai. Ku duba lasinku na nan tun yanzu, idan ya kusa ƙarewa ku sabunta kafin tafiya. Maigidanki ya cire girman kai ya biya mai koyarwa, ko da ya shekara ashirin yana tuƙi, domin yadda ake shiga shataletale da duba madubi da ba mai ƙafa hanya shi ke kayar da tsofaffin direbobi. Tunda Sienna otomatik ce, ku sani wanda ya ci gwaji da otomatik ba a yarda ya tuƙa manuwal ba.

Inshora kuma a can ba takardar nuna wa jami'i a hanya ba ce. Da sunan direba ake yin ta, ana duba unguwarku da shekarunku da irin lasinku, kuma sabon zuwa yakan sha mamakin kuɗin da za a yanka masa. Ku riƙa tambayar kuɗin inshorar mota kafin ku taya ta. Kada maigidanki ya karɓi makullin aboki ya ce bari ya je ya dawo yadda ake yi a nan. Wanda aka kama ba inshora tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a kan lasinsa, kuma 'yan sanda na iya tafiya da motar.

Idan lokacin saye ya yi, yaranku ne za su zaɓa muku mota. Doka ta ce yaro sai a kujerar yara har ya cika shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135, wato ƙananan biyu tabbas, babban ma sai an auna shi. Kujeru uku a jere ba sa shiga bayan yawancin ƙananan motoci, har da jif da yawa masu girma a ido. Ku nemi wadda kujerunta na tsakiya guda uku ne rarrabe, kamar Ford S-Max ko Galaxy, ko Volkswagen Touran, ko Citroën Grand C4 Picasso, ko kuma Sharon ɗin nan da kika saba gani tana lodi a tasha, domin can motar iyali ce ta mutunci. Idan zuciyarku na kan Toyota, akwai Verso mai kujera bakwai, sai dai ku je da kujerun yaran ku gwada kafin ku biya. Ku sayi ta hannu, da kuɗin da kuka tara, ku fifita mai fetur ko mai haɗa fetur da batir. Tun Yunin 2021 tsakiyar Birmingham ya zama yankin tsaftace iska, motar da hayaƙinta bai cika sharaɗi ba tana biyan fam 8 duk ranar da ta shiga, kuma yawancin masu dizal da aka yi kafin 2015 sun faɗa ciki. Landan ma tana da irin wannan, fam 12.50 a rana. Ban da haka, injin dizal ba ya son gajerun tafiye-tafiyen kai yara makaranta da cefane, matatar hayaƙinsa toshewa take yi.

Kafin ku ba da ko fam ɗaya, ku sa lambar motar a shafin gwamnati na intanet, kyauta ne, zai nuna muku sakamakon gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, wanda ya wajaba a kan duk motar da ta wuce shekara uku, da nisan da ta yi da abin da aka taɓa samu ya lalace. Ku ga takardar mallaka ta V5C da idonku, suna da adireshi su dace da mai sayarwa, ku biya ɗan kuɗi a bincika ko akwai bashin kamfani a kanta, a kuma leƙa ƙarƙashinta saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi yana sa tsatsa. Mota ɗaya ta ishe ku a shekarun farko. Maigidanki ya fara yin lasin tunda shi zai fi zirga-zirga da yara ranakun da kike dogon aiki, amma ke ma kada ki bar naki ya wuce shekarar farko, saboda akwai ranar da za ki tashi daga aikin dare cikin sanyi bas bai fara fitowa ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai ku lafiya.